Tarihin Birkin Jiki: Yadda Masana Suka Gano Hanyoyin Sauke Damuwa

Ka taɓa lura da abin da jikinka ke yi idan waya ta yi ƙara tsakar dare, ko ana gobe jarrabawa, ko mai bashi ya yi sallama a ƙofar gida? Ƙirji ya kama dukan uku-uku, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe da gumi, abinci ya fita daga rai. Idan na kusa da kai suka gani, shawarar ba ta wuce "kwantar da hankalinka", "ja numfashi", "fita ka sha iska". To, wai shin waɗannan shawarwari suna da tushe a kimiyya, ko lallashi ne kawai? Amsar tana cikin wani tarihi da ya fara da mage a ɗakin gwaje-gwaje, shekaru sama da 120 da suka wuce.

Magen Cannon

A 1896 wani matashi mai suna Walter Cannon ya shiga makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Harvard da ke Amurka. Shekara guda ke nan da gano hasken eksire, wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Cannon ya riƙa haɗa abinci da wani sinadari mai fitowa a hoton, ya ba dabbobi, sannan ya zauna yana kallon yadda tumbi ke murɗawa yana niƙa abincin. A nan ya lura da wani abu: da zarar mage ta fusata ko ta tsorata, sai tumbinta ya tsaya cak. Idan aka shafa ta har ta natsu, sai motsin ya dawo.

Wannan ya ja shi ga binciken da ya fitar a littafinsa na 1915 kan sauye-sauyen jiki lokacin ciwo, yunwa, tsoro da fushi. Ya nuna cewa idan haɗari ya taso, wasu 'yan ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda suna sakin sinadarin adirenalin cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu, sukari ya ƙaru a jini, jinin ya bar hanji ya koma tsokoki. Wato jiki ya shirya wa ɗayan biyu, faɗa ko gudu. Ka ga ke nan fitar abinci daga ranka lokacin tashin hankali ba tsirfa ba ce. Jiki ne ya dakatar da narkar da abinci don ya fuskanci abin da yake ganin ya fi gaggawa.

Ɓerayen Selye

Cannon ya duba firgici na ɗan lokaci. Me zai faru idan abin ya ƙi ƙarewa? Wanda ya ci karo da amsar shi ne Hans Selye, haifaffen birnin Biyana, wanda ke aiki a Jami'ar McGill ta Kanada. Yana neman wani sabon sinadarin homon ne, yana yi wa ɓeraye allurar ruwan da aka tatso daga ƙwan mahaifar shanu. Da ya feɗe su sai ya ga abu uku: halittun saman ƙoda sun kumbura, sassan garkuwar jiki sun motse, ga gyambo a tumbi. Ya ɗauka ya yi gamo da katar. Amma da ya yi wa wasu ɓerayen allurar wasu abubuwa daban, ya saka wasu a sanyi mai tsanani, ya tilasta wa wasu gudu har suka galabaita, sai ya ga abu ukun nan dai sun sake bayyana. Ashe ba allurar ba ce, wahalar ce.

Ya wallafa wannan a wata gajeriyar wasiƙa a mujallar Nature a 1936, yana ɗan shekara 29. Ya ce jiki yana bin matakai uku: firgita, jurewa, sannan ƙarewar ƙarfi. Daga baya ya yaɗa kalmar Turancin nan "stress", wadda injiniyoyi ke amfani da ita ga nauyin da ke danne ƙarfe ko gada, musamman ta littafinsa na 1956. Yau mun san cewa a jikin mutum babban sinadarin wannan doguwar juriya shi ne kotisol. Yana da amfani a ɗan lokaci, amma idan ya daɗe a sama yana taɓa barci, sukarin jini, hawan jini da garkuwar jiki.

Akwai darasi biyu a labarin Selye da ya kamata ka riƙe. Na farko, takardun kamfanonin taba sigari da aka bankaɗo daga baya sun nuna sun ba shi kuɗin bincike, domin ya yi musu daɗi a ce damuwa ce ke kawo ciwon zuciya, a manta da hayaƙi. Na biyu, an shafe shekaru ana ɗora wa damuwa alhakin gyambon ciki, har sai da Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka nuna cewa wata ƙwayar cuta ce, Helicobacter pylori, ke jawo mafi yawansa. Marshall ya kwankwaɗi ƙwayar da kansa a 1984 don ya tabbatar, kuma sun sami kyautar Nobel a 2005. Saboda haka idan kana fama da olsa, hutu kaɗai ba zai wadatar ba, ka je a yi maka gwaji.

Likitan da ya koya wa mutane sakin jiki

Su Cannon da Selye sun bayyana totur. Birki fa? Tun a 1921 Otto Loewi ya nuna da zukatan kwaɗi cewa wata doguwar jijiya da ake kira vagus, wadda ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta sauko ƙirji da ciki, tana sakin wani sinadari mai rage gudun zuciya. Amma a lokacin an ɗauka wannan sashe yana aikinsa ne shi kaɗai, mutum ba shi da ta cewa a ciki.

Wani likita a Chicago, Edmund Jacobson, ya shigo ta wata ƙofar. Da taimakon injiniyoyin kamfanin tarho na Bell, ya samar da na'urar auna ɗan ƙanƙanen lantarkin da tsoka ke fitarwa. Ya gano cewa ko tunanin ɗaga hannu ka yi, ba tare da ka motsa ba, tsokar hannun tana ɗan ɗaurewa. Ya kuma ga mutane da yawa da ke kwance suna cewa sun huta, alhali tsokokinsu a ɗaure suke. A littafinsa na 1929 ya kawo hanyarsa: ka ɗaure tsoka ɗaya da gangan, ka ji yadda ɗaurin yake, sannan ka sake ta, ka wuce ta gaba. Tsarinsa na asali yana cin watanni, masu zuwa bayansa ne suka taƙaita shi. Za ka iya gwadawa a daren nan: dunƙule hannu na daƙiƙa biyar, ka saki, ka ɗaga kafaɗu zuwa kunne, ka saki, ka cije haƙora, ka saki, haka har ƙafa. Da yawanmu sai a nan muke gane cewa tun safe kafaɗunmu a maƙale suke.

Benson da masu zaman natsuwa

A ƙarshen shekarun 1960 wani likitan zuciya a Harvard, Herbert Benson, yana binciken hawan jini a jikin birai. Sai wasu matasa mabiya wani malamin Indiya, Maharishi Mahesh Yogi, suka zo suka ce ya auna su, su ma suna iya sauke jininsu ta hanyar zama shiru suna maimaita kalma ɗaya. Da farko ya ƙi, daga baya ya yarda. Awon ya nuna cewa yayin zaman numfashinsu na raguwa, bugun zuciya na sauka, jiki na rage shan iskar oksijin. Kishiyar abin da Cannon ya gani ke nan.

Benson ya cire asirin da ke cikin abin. A littafinsa na 1975 ya nuna ba sai da wata kalma ta musamman ba. Ginshiƙan biyu ne: ka maimaita kalma, addu'a ko motsi, kuma idan tunani ya kutso, kada ka yi kokawa da shi, ka koma kan maimaicinka. Minti 10 zuwa 20, sau ɗaya ko biyu a rana. Shi da kansa ya ce ba sabon abu ya ƙirƙiro ba, domin ya tarar da irinsa a ibadun addinai daban-daban. A 2001 Luciano Bernardi da abokan aikinsa a Italiya suka auna masu jan carbin Katolika da masu karatun yoga, suka ga duka biyun suna sauke numfashi zuwa kusan shida a minti. Duk wanda ya saba zaman tasbihi bayan salla ba zai rasa gane wannan yanayin ba.

Me ya sa numfashi? Ɗora yatsa a jijiyar wuyan hannunka. Idan ka shaƙa, bugun yana ɗan ƙara sauri, idan ka fitar yana lafawa, saboda lokacin fitarwa ne jijiyar vagus ke ƙara taka birki. Don haka ka shaƙa kana ƙirga huɗu, ka fitar kana ƙirga shida, ka yi ta har minti biyar.

Taga, bishiya da matsayin aiki

Shawarar "fita ka sha iska" ma ta sami mai aunawa. A 1984 Roger Ulrich ya duba bayanan marasa lafiya 46 da aka cire wa maɗaciya a wani asibiti a jihar Pennsylvania. Waɗanda tagarsu ke kallon bishiyoyi sun riga masu kallon katangar bulo fita da kusan kwana ɗaya, kuma sun fi su ƙarancin shan maganin ciwo mai ƙarfi. Binciken ƙarami ne, amma ya buɗe fagen nazarin abin da inuwa da koren ganye ke yi wa jiki.

Sai dai kada ka ɗauka numfashi da bishiya sun gama magana. Binciken Whitehall, wanda aka fara a 1967 kan ma'aikatan gwamnati kusan 18,000 a Landan, ya rushe tunanin cewa ciwon zuciya na manyan masu ofis ne. Ƙananan ma'aikata su suka fi mutuwa da shi. Kashi na biyu da Michael Marmot ya jagoranta daga 1985 ya danganta wani ɓangare na wannan da rashin iko a kan aikinka, wato a yi ta loda maka ba ka da bakin magana. Sakin tsoka ba zai biya kuɗin haya ba, ba kuma zai canja mugun shugaba ba. Abin da yake yi shi ne ya sauko da jikinka yadda za ka iya barci, ka yi tunani, ka nemi mafita.

Ka zaɓi ɗaya daga cikin hanyoyin nan, ka ba shi mako biyu a lokaci guda kullum, domin jiki da maimaici yake koyo. Idan kuma damuwar ta kai ga rashin barci na makonni, ciwon ƙirji, kasa yin aiki, ko jin rayuwa ta fita daga ranka, to abin ya wuce na ɗaki. Ka faɗa wa wanda ka amince da shi, kuma ka ga likita.