Baijiu: Tarihin Barasar Dawa ta Ƙasar Sin, da Abin da Tarihin Bai Wanke Ba

A tsohon rubutun Sinanci, harafin da ke nufin aikin likita yana ɗauke da wata alama a ƙasansa wadda asalinta hoton tulun giya ne. Tun da can Sinawa suke jiƙa saiwoyi da ganyaye a cikin giya su ba marar lafiya. A matsayina na mai harhaɗa magunguna, wannan ne ya ja hankalina ga tarihin baijiu, barasar da take garau kamar ruwa, wadda ba a raba ta da bukukuwan ƙasar.

Tsima hatsi tsohon abu ne a Sin. A Jiahu, cikin lardin Henan, masu haƙar kayan tarihi sun tono tukwane masu shekara wajen 9,000 da ke da ragowar abin sha na shinkafa da zuma da 'ya'yan itace. Sai dai waccan giya ce marar ƙarfi. Tatso barasa ta hanyar tururi daga baya ya zo. Li Shizhen, masanin magunguna na daular Ming wanda ya kammala littafinsa Bencao Gangmu a 1578, ya danganta farkon wannan fasaha da daular Yuan, wadda ta yi mulki daga 1271 zuwa 1368.

Hatsin da aka fi amfani da shi kuwa ka san shi: dawa ce, wadda asalinta Afirka ne. Masu burukutu sukan jiƙa dawa ta yi tsiro kafin su dafa. Sinawa wata hanya suka bi. Sukan niƙa alkama, wani lokaci da sha'ir da wake, su kwaɓa, su buga ta kamar tubali, su jera a ɗaki mai ɗumi na makonni har fumfuna da yis su kama ta. Sunan wannan tubali qu. Sai a turara dawa, a barbaɗa mata garinsa, a zuba a rami ko randa a rufe. Fumfuna ta mayar da sitaci sukari, yis ya mayar da sukarin barasa, sa'annan a sake turara hatsin a tara tururin da ya huce.

A Luzhou ta lardin Sichuan akwai ramukan laka da ake aiki da su tun 1573. A garin Maotai na lardin Guizhou kuma, sau 9 ake turara dawa, a tsima ta sau 8, a tatsa sau 7 cikin shekara guda, sa'annan a ajiye ta shekaru. Da ita Firayim Minista Zhou Enlai ya karɓi Shugaban Amurka Nixon a 1972.

To, duk wannan gwaninta ƙamshi da ɗanɗano take sauyawa. Hanta kuwa ba ta san tarihi ba. Ƙarfin barasar Maotai kashi 53 ne cikin 100, wato kusan ninki 10 na giyar kwalba. Hanta takan fara mayar da barasa wani dafi mai suna asitaldihayid, sa'annan wani sinadari, ALDH2, ya karya shi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Gabashin Asiya sun gaji raunin wannan sinadari, shi ya sa fuskarsu takan yi ja idan sun sha, kuma masu sha daga cikinsu sun fi fuskantar sankarar maƙoshi. Tun 1988 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa barasa a sahun farko na abubuwan da ke jawo cutar ga kowane ɗan Adam. Shi kansa Li Shizhen ya yi gargaɗi cewa yawan shanta yana lalata ciki, yana rage kwana. Jabunta kuma ya fi muni: a 1998, a lardin Shanxi, barasar da aka haɗa da metanol ta kashe mutum 27.

Me ya kawo wannan zance gare ka? 'Yan kasuwarmu suna zuwa Guangzhou, kuma a teburin ciniki akan miƙo ɗan ƙaramin kofi da abin da ka ɗauka ruwa ne. Akwai kuma kwalabe masu saiwoyi a ciki, da ake kira giyar magani, waɗanda akan yo tsarabarsu da sunan ƙarin ƙarfi. Ka tambaya kafin ka kurɓa, ka karanta jikin kwalba, ka nemi shayi a madadinta. Idan kana shan maganin ciwon sukari, ko na barci, ko farasitamol, haɗarin ya ƙaru. Daɗewar abu a hannun mutane ba ta mayar da shi magani.