Wasan Heidi

Wasan Heidi suna ne da ake kiran wani wasan ƙwallon ƙafa irin ta Amurka da aka buga ranar Lahadi, 17 ga Nuwamba, 1968, tsakanin ƙungiyar Oakland Raiders da ta New York Jets, a birnin Oakland da ke jihar Kalifoniya. Wasan ya shahara ne saboda gidan talabijin na NBC ya katse nuna shi kai tsaye a gabashin Amurka ana saura kimanin minti ɗaya a tashi, ya saka wani fim na yara mai suna Heidi. A lokacin da aka katse, Jets ce ke kan gaba da maki 32 da 29. Cikin ɗan lokacin da ya rage Raiders ta ci maki 14, aka tashi tana da 43, Jets na da 32, ba tare da miliyoyin masu kallo sun ga yadda aka yi ba. Fushin da jama'a suka nuna ya sa aka sauya ƙa'idojin nuna wasanni a talabijin, ta yadda wasan da ake nunawa kai tsaye sai ya ƙare kafin a shiga shirin da ke biye da shi.

Yanayin wasan da tsawon lokacinsa

Ƙwallon ƙafa ta Amurka ta bambanta da tamaular da aka fi sani a sauran ƙasashen duniya. Ana buga ta ne da ƙwallo mai siffar ƙwai, kuma galibi da hannu ake jefa ta ko a ruga da ita. Idan ƙungiya ta kai ƙwallo ƙarshen filin abokiyar karawarta tana samun maki shida, sannan a ba ta damar ƙara maki ɗaya da bugun ƙafa. Idan kuma ta buga ƙwallo ta ratsa tsakanin sanduna daga cikin fili, maki uku ne.

Lokacin wasa minti 60 ne, an raba shi kashi huɗu, kowanne minti 15. Sai dai ana tsayar da agogo sau da yawa: idan an jefa ƙwallo ba a cafe ba, idan an ci maki, idan an yi laifi, idan ɗan wasa ya ji rauni, ko kuma idan ƙungiya ta nemi ɗan hutu. Saboda haka babu wanda zai iya faɗin ainihin lokacin da wasa zai ƙare, kuma minti ɗaya a agogon wasa yana iya ɗaukar mintuna da dama. A shekarun 1960 gidajen talabijin kan ware wa wasa awa uku, kuma yawancin wasanni kan ƙare kafin cikar wannan lokaci.

Kafin wasan

A wancan zamani akwai manyan gasa biyu a Amurka: NFL, wadda ta daɗe, da AFL, wadda ta fara a 1960. Raiders da Jets duka suna cikin AFL. A 1964 NBC ta ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da AFL kan dala miliyan 36 domin nuna wasanninta daga kakar 1965, kuma wannan kuɗi ya taimaka wa sabuwar gasar wajen yin gogayya da NFL a sayen 'yan wasa.

Ƙungiyoyin biyu sun shiga wasan kowacce ta ci wasa bakwai, an doke ta sau biyu. Akwai kuma tsohuwar gaba a tsakaninsu, domin a karawarsu ta Disamban 1967 an karya wa fitaccen mai jefa ƙwallo na Jets, Joe Namath, ƙashin kunci. Weeb Ewbank ne mai horar da Jets, John Rauch kuma shi ne na Raiders.

A ɓangaren NBC, an daɗe ana tallata fim ɗin Heidi, wanda aka ɗauko daga littafin marubuciyar ƙasar Suwizalan, Johanna Spyri, kan wata yarinya marainiya da ke zaune da kakanta a tsaunukan Alps. Delbert Mann ne ya ba da umarni, Jennifer Edwards kuma ta fito a matsayin Heidi. Kamfanin agogo na Timex ya sayi dukan awa biyun da fim ɗin zai ɗauka, daga ƙarfe 7 zuwa 9 na dare agogon gabashin Amurka, bisa sharaɗin cewa za a fara a kan lokaci. Don haka tun kafin ranar aka umarci Dick Cline, jami'in da ke kula da sauya shirye-shirye a New York, da ya saka fim ɗin da ƙarfe 7 daidai, ko wasa ya ƙare ko bai ƙare ba.

Yadda wasan ya gudana

An fara wasan da ƙarfe 4 na yamma agogon gabashi, wato ƙarfe 1 na rana a Oakland. Curt Gowdy da Al DeRogatis ne suka yi sharhi a talabijin. Wasan ya yi zafi, an riƙa karɓe jagoranci daga wannan ƙungiya zuwa waccan. Alƙalan wasa sun hukunta laifuka 19, an jefa ƙwallo sau 31 ba a cafe ba, ga kuma yawan cin maki, kuma kowanne daga cikin waɗannan yana tsayar da agogo. Namath ya yi jifan da ya kai yadi 381, inda Don Maynard shi kaɗai ya cafe na yadi 228.

Ana saura minti ɗaya da daƙiƙa biyar, Jim Turner ya buga wa Jets ƙwallo daga yadi 26 ta shiga tsakanin sanduna, maki ya zama 32 da 29. Jets ta bugo ƙwallo domin a ci gaba da wasa, aka tafi talla, kuma daga nan masu kallo a gabashin ƙasar ba su sake ganin filin ba.

Abin da ya biyo baya ya faru cikin sauri. Mai jefa ƙwallo na Raiders, Daryle Lamonica, ya jefa wa Charlie Smith, aka kuma hukunta Jets kan wani laifi, wanda ya ƙara matso da Raiders gaba. Lamonica ya sake jefa wa Smith, wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili daga yadi 43 ana saura daƙiƙa 42. George Blanda ya ƙara maki ɗaya, Raiders ta koma gaba da 36 da 32. Da aka bugo wa Jets ƙwallo, sai ta kuɓuce daga hannun Earl Christy kusa da ƙarshen filinsu, Preston Ridlehuber na Raiders ya ɗauke ta ya shige. Daƙiƙa tara ce kawai a agogon wasa tsakanin cin farko da na biyu.

Yadda aka katse wasan

Da ƙarfe 7 ta gabato kuma ta bayyana cewa wasan ba zai ƙare ba, manyan jami'an NBC, waɗanda ke kallo daga gidajensu, sun tuntuɓi juna ta waya. Shugaban kamfanin, Julian Goodman, ya amince a jinkirta fim ɗin har a tashi daga wasa. Matsalar ita ce isar da wannan sabon umarni ga Cline. A daidai lokacin, dubban masu kallo suna ta kiran ofishin NBC na New York, wasu na tambaya ko za a nuna wasan har ƙarshe, wasu kuma na tambaya ko za a fara Heidi a kan lokaci. Kiraye-kirayen sun toshe layukan kamfanin, har na'urar haɗa waya ta riƙa ƙona fiyus. Da Cline bai ji daga kowa ba, sai ya bi umarnin da ke hannunsa. Kamfanin bai hukunta shi ba, tunda abin da aka ce ya yi shi ya yi.

Masu kallo a yammacin Amurka sun ga wasan har ƙarshe, domin a can ƙarfe 4 ne na yamma, lokacin fim ɗin bai yi ba. Waɗanda abin ya shafa su ne mutanen gabashi, ciki har da birnin New York, gidan magoya bayan Jets.

Martanin jama'a

Da masu kallo suka kasa samun NBC a waya, sai suka koma kiran gidajen jaridu, kamfanin waya, har da ofishin 'yan sandan New York, domin neman sakamako ko yin ƙorafi. Da yawa sun ɗauka Jets ce ta yi nasara. An ruwaito cewa matar Ewbank ta taya shi murna a waya bayan wasan, ba ta san an doke su ba.

Bayan ƙarfe 8 NBC ta rubuta sakamakon a ƙasan allo yayin da fim ke gudana. Rubutun ya fito ne a daidai wurin da Klara, yarinyar da ba ta iya tafiya a labarin, ke ƙoƙarin taka ƙafarta. Wannan ya ɓata wa masu kallon fim rai, su kuma masoya ƙwallo sai a lokacin suka gane girman abin da ya wuce su. A daren Goodman ya fitar da sanarwar ban haƙuri, inda ya ce kuskure ne na mutanen da suka damu da yaran da ke jiran fim ɗin, kuma shi kansa bai ga ƙarshen wasan ba. Washegari labarin ya fito a shafin farko na jaridar New York Times, David Brinkley kuma ya nuna minti na ƙarshe na wasan a labaran yamma na NBC.

Sauyin ƙa'idoji

Bayan wannan lamari NBC ta sanar cewa daga yanzu za ta riƙa nuna wasanni har ƙarshe kafin ta shiga wani shiri. Ta kuma saka wata waya ta musamman a ɗakin sarrafa shirye-shirye, a kan layin da ba ya bi ta na'urar da jama'a ke kira, domin shugabanni su iya samun ma'aikata a kowane hali. Ana kiran ta wayar Heidi. Ita ma NFL, wadda ta haɗe da AFL a 1970, ta sa a cikin yarjejeniyoyinta da gidajen talabijin cewa dole a nuna wa yankin ƙungiyar da ta je baƙunta wasanta gaba ɗaya. An ambaci baƙuwar ƙungiya ne saboda a lokacin ba a nuna wasa a talabijin a garin da ake buga shi, don kada mutane su ƙi sayen tikiti.

An gwada sabon tsarin a Nuwamban 1975, lokacin da wasan Raiders da Washington ya shiga ƙarin lokaci, alhali NBC ta shirya nuna fim ɗin yara na Willy Wonka & the Chocolate Factory. Wannan karon tashar ta tsaya a kan wasan har aka tashi, kuma masu jiran fim ne suka rasa farkonsa.

Ƙa'idojin da suka biyo baya

Har yanzu akwai yanayin da gidan talabijin ke barin wasa kafin ya ƙare, amma bisa ƙa'ida, kuma kusan kullum zuwa wani wasan ake komawa. A ranakun Lahadi ana buga wasannin NFL da rana a rukuni biyu, na farko da ƙarfe 1 agogon gabashi, na biyu bayan ƙarfe 4. Idan wasan farko ya yi tsawo, yankunan da ƙungiyoyinsu ke buga na biyu akan mayar da su can domin su ga farkon wasan ƙungiyarsu, ko da wanda suke kallo bai ƙare ba. Domin rage irin wannan karo, a 2012 NFL ta matsar da lokacin fara babban wasan yamma daga 4:15 zuwa 4:25. Haka nan idan wata ƙungiya ta yi wa abokiyar karawarta rata mai yawa, tashar na iya mayar da masu kallo zuwa wasan da ya fi zafi, amma ban da yankunan ƙungiyoyin biyu da ke bugawa.

Sauran shirye-shirye ne ke jiran wasa a yanzu. Shirin labarai na 60 Minutes, wanda CBS ke nunawa da ƙarfe 7 na daren Lahadi, yakan makara a gabashin ƙasar a lokacin kakar wasa, kuma masu sharhi kan sanar cewa za a nuna shi gaba ɗaya da zarar an tashi. Tashar Fox kuma takan ware lokacin bayan wasa ga shirin sharhi wanda za a iya taƙaita shi idan wasa ya ja.

Dokar hana nuna wasa a garin da ake buga shi ita ma ta sauya. A 1973 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta ba da damar nuna wasa a gida idan an sayar da dukan tikiti awa 72 kafin a fara. Hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta soke nata sharaɗin a 2014, NFL kuma ta dakatar da tsarin daga kakar 2015.

Bayan wasan

Ƙungiyoyin biyu sun sake haɗuwa a wasan ƙarshe na AFL ranar 29 ga Disamba, 1968, a filin Shea da ke New York, inda Jets ta rama da maki 27 da 23. Daga nan ta doke Baltimore Colts da 16 da 7 a Super Bowl na uku a birnin Miami ranar 12 ga Janairu, 1969, karo na farko da wata ƙungiyar AFL ta ɗauki wannan kofi.

Masana tarihin watsa labarai kan kawo Wasan Heidi a matsayin lokacin da gidajen talabijin na Amurka suka fahimci yawan mutanen da ke bin wasannin ƙwallo da kuma darajar nuna su kai tsaye. A wata ƙuri'a da aka kaɗa a 1997, an zaɓe shi a matsayin wasan tsakiyar kaka da aka fi tunawa da shi a tarihin ƙwallon ƙafa ta ƙwararru a Amurka. Har yau, idan wata tasha ta katse wasa ana dab da tashi, 'yan jaridar ƙasar kan kwatanta lamarin da na Heidi.