Nazari kan Sauya Saitin Na'urori a Manhajar Sarrafa Gine-gine: Matsalar Mataki na 8 a Tsarin BACnet

Tsakure

Maƙalar ta duba dalilin da ya sa na'urar sanyaya gini kan daina bin jadawalinta bayan ma'aikaci ya taɓa saitinta. Ta nuna cewa laifin yana ga yadda manhaja ke ɓoye matakan fifiko, ba ga lalacewar na'ura ba.

Gabatarwa

Ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE a Amurka ta fara aiki kan BACnet, tsarin sadarwar na'urorin gine-gine, a 1987, ta fitar da shi a matsayin ƙa'ida mai lamba 135 a 1995, ya kuma zama ISO 16484-5 a 2003. Masu rubutu a fannin sun fi karkata ga barazanar masu kutse, wasu kuma na ɗora komai kan ƙarancin horon ma'aikata. Da kashi na biyun nan nake jayayya. Ba adalci ba ne a zargi mutum da kasa gyara abin da allon kwamfuta bai nuna masa ba.

Hanyar Bincike

An bi tanadin ƙa'idar kan rubuta umarni, aka kwatanta shi da na Modbus, wanda kamfanin Modicon ya fitar a 1979, da kuma maɓallan manhajar Niagara.

Sakamako

A Modbus, wanda ya rubuta ƙarshe shi ke da iko. BACnet kuwa ya ba kowace ƙima mai karɓar umarni gurabe 16, kowane gurbi da matakin fifikonsa. Mataki na 1 da na 2 na ceton rai ne, kamar fitar da hayaƙi lokacin gobara. Na 6 yana hana kunna inji da kashe shi a kai a kai. Na 8 na ma'aikaci ne. Na 16 shi ne mafi rauni. Na'ura tana bin gurbi mafi ƙaramar lamba da ke ɗauke da ƙima. In duk babu komai a cikinsu, sai ta koma ga ƙimar da aka ajiye mata tun asali.

Ga inda gizo ke saƙa. A ɗauka masu taro sun yi kukan zafi, ma'aikaci ya sauke ma'aunin ɗakin daga digiri 24 zuwa 20. Umarninsa ya zauna a gurbi na 8. Taro ya watse, ya dawo ya rubuta 24, ya ga lambar daidai a allo, ya kama gabansa. Amma 24 ɗin ma a gurbi na 8 ta sauka. Da yamma jadawali, wanda ke rubutu a matakin da bai kai na 8 ƙarfi ba, zai aiko da saitin dare, na'ura ta karɓa ta ajiye ba tare da ta bi ba. Babu ƙararrawa, domin a wurinta komai na tafiya bisa ƙa'ida. Haka ɗakin da ba kowa zai kwana yana shan sanyi, kuɗin lantarki na hawa.

Hanyar sakin gurbin ɗaya ce: a rubuta masa NULL, wato a bar shi fanko. Niagara ta tanadi maɓallin Auto domin haka, tana kuma ba da damar sa wa umarnin hannu wa'adi. Manhajar da ke nuna ƙimar yanzu kawai, ba ta nuna matakin da ke riƙe da ita, ita ce ke jefa ma'aikaci mai kyakkyawar niyya cikin wannan tarko.

Iyakar Binciken

Gaskiya ne ba a auna wutar da ake asara a wani gini ba, kuma kamfanoni sun bambanta wajen matakin da suke ba jadawali. Wannan bai taɓa hujjar ba, tunda tana cikin ƙa'idar kanta.

Kammalawa

Ya kamata masu ƙera manhaja su riƙa nuna lambar matakin da ke mulki kusa da kowace ƙima, su kuma sa wa'adi ya zama tilas ga duk umarnin mataki na 8. Masu kula da gine-gine kuwa, su binciki wannan gurbi kafin su kira mai gyara.