Kunnen Aro A Hanyar Abijan

Fataucin goro sana'ar kunne ce. Tun zamanin da ayari ke tashi daga Kano zuwa Gwanja, falke na rayuwa ne da abin da ya ji: farashin da mai masauki ya raɗa masa, labarin hanya, gargaɗin madugu. Ni da sanƙarau na 1996 ya tafi da rabin jina, har nake yawo da na'urar ƙara ji a bayan kunne, na daɗe ina tambayar kaina yadda irinmu suka yi a wannan hanya bayan da ta karkata zuwa Kwaddibuwa.

Turawan Faransa sun fara shimfiɗa layin dogo daga Abijan a 1904. Ya kai Bwake a 1912, Bobo a 1934, Wagadugu a 1954. Sun raɗa masa suna Abijan-Nijar, amma har yau bai taka ƙasar Nijar ba, don haka mutumin Maraɗi ko Damagaram sai ya sha mota kafin ya ga jirgi. Tasharsa tana Tireshbil, unguwar da aka sa wa sunan Bafaranshe Marcel Treich-Laplène, inda mulkin mallaka ya tara baƙar fata a tsallaken ruwa, nesa da unguwar Turawa ta Filato. Da aka haƙa mashigin Biridi a 1950, tashar jiragen ruwa ta buɗe a 1951, sai baƙi suka yi ta kwarara, har da namu. Shaidar zamansu tana cikin kwano: acake da soyayyen kifin da duk Abijan ke kira garba, sunan Hausawan Nijar masu sayar da shi ya ɗauka.

A daidai waɗannan shekaru ne na'urar ji ta zama abin da matafiyi zai iya ɗauka. Ta farko mai lantarki, wadda Miller Reese Hutchison ya ƙera a Amurka a 1898, kaya ce guda, ta ajiyewa a kan tebur. Sai a 1952 kamfanin Sonotone ya fitar da mai tiransista, irin wanda ya ƙanƙantar da rediyo. To amma wane falke ne ya taɓa ganin ta a lokacin? Mai nauyin kunne a zango ɗan rakiya yake nema, ƙane ko yaron gida, shi ne kunnensa a wurin ciniki. In yaron ba shi da amana, an gama da kai.

Abin da ya iso wa kurame kafin na'ura makaranta ce. Andrew Foster, baƙar fata kurma ɗan Amurka, ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, a Ibadan a 1960, sannan a Abijan a 1974. Ya rasu a hatsarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Mishan ne ya kawo shi, kuma maganar hannu ta Amurka ya shuka duk inda ya je, alhali kuramenmu na Kano suna da tasu tun kaka da kakanni. Wannan ba ƙaramar asara ba ce a ganina. Sai dai ta zo da wani abin mamaki: kurman da ya yi makaranta a Nijeriya da takwaransa na Abijan sukan fahimci juna da hannu gwargwado, domin tushensu ɗaya.

Mu masu rabin ji ba mu da wannan gata. Na'ura tana ƙara sauti ne, ba ta ƙara fahimta. Da Hausa, in na kama rabin kalma na dubi leɓen mai magana, sai in cike sauran da kaina. Da Faransanci ko Julanci ba ni da abin cikewa. Ga kuma tashar Ajame, inda motocin arewa ke sauke mutane: yaran gbaka na ƙwala kiran unguwanni, ham ta ko'ina, masu gyaran waya sun ƙure kiɗa. Na'ura takan kwaso duka ta zuba maka, muryar mai ciniki da kai ta nutse a ciki. Shi ya sa in za a yanke farashi nake jan mutum bayan shago, ko in miƙa masa waya ya rubuta adadin. 

Sai batun batir. Ƙananan nan masu aiki da iska suna da lamba da launi: 10 ruwan ɗorawa, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Da ka ɓare takardar bayansa ya fara ci, ko ka sa ko ba ka sa ba. Launin ya fi lamba amfani a kantin magani, domin nuni kawai za ka yi. A gida ƙurar hunturu ce ke toshe na'ura. A Tireshbil kuwa, da ruwa ya kewaye, laima ce da gumi: sauti ya fara shaƙewa, ya riƙa ɗaukewa. Da dare nakan buɗe gidan batir, in rufe ta cikin gwangwani da ƙullin nan mai shan danshi da ake samu a kwalin takalmi, in kwana ba kunne. Kiran asalatu sai maƙwabcin ɗaki ya taɓa ƙafata.