Daga Bakin Kakanni Zuwa Takarda: Tarihin Karatun Mata a Kan Sha'anin Gida

'Yan uwa mata, da aka ce in kawo sunayen littattafan da ya kamata mu karanta a kan girki, lambu da sana'ar hannu don wannan biki na ƙungiyarmu, sai na tsaya ina tambayar kaina: yaushe ma mace Bahaushiya ta fara koyon waɗannan abubuwa daga takarda? Ai kakanninmu a gindin murhu suka koya, ido na gani, hannu na yi.

Amma ilimin mata ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan naɗa dattijuwa a matsayin jaji, ta ba ta malfa, ita kuma ta koma ƙauye ta koya wa mata waƙoƙin da Nana ta tsara. Darussan addini ne da tarbiyya, haɗe da kula da marasa lafiya da taimakon juna. In kun duba da kyau, wannan taro na mata bai yi nisa da abin da muke yi yau ba.

Boko ya zo daga baya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, sannan a shekarun 1950 aka shiga Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha a kan tsafta, lafiya da noma. Sai dai gaskiya, maza ne suka fi cin moriyarsu, domin su ne ke zuwa ajin yamma. Matar gida sai in maigida ya ga dama ya karanta mata.

Littafin da na fi so ku nema shi ne labarin Baba ta Karo. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wannan tsohuwa a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ta rubuta rayuwarta daga bakinta, aka buga da Turanci a 1954, daga baya kuma ya fito da Hausa. Ba littafin girki ba ne, amma a ciki za ku ga yadda mata ke kaɗi, suna dafa abin sayarwa, suna tara 'yan kuɗinsu, suna yi wa ƙawaye biki. Wallahi da na karanta, sai na ji kamar kakata ce ke magana. Baba ba ta iya rubutu ba. Da ba a sami mai riƙe alƙalami ba, da duk ya bi ta kabari.

Daga ƙarshen shekarun 1980 mata suka kama alƙalami da kansu, irin su Balaraba Ramat Yakubu, kasuwar littafi ta buɗe a Kano, 'yan littattafan girke-girke suka biyo baya. Ku saye su, amma ku yi hattara: wasu kwafe-kwafe ne kawai, sai a ce ki zuba kayan da ko a kantin birni da ƙyar ki samu. Don lambu kuwa, takardun malaman gona na Samaru sun fi amfani, saboda da ƙasarmu da damunarmu aka gwada abin da ke ciki.

Ga inda gizo ke saƙar. Har yau ban ci karo da littafin da ya bayyana yin daddawa yadda Gwaggo, Allah ya ji ƙanta, take yi ba: a kwana ana dafa kalwa, a surfe, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana uku har ta ruɓa, sannan a kirɓa a shanya. Wannan na riƙe. Amma yadda take gane ta yi daidai daga wari kawai, ban tambaya ba. Haka sabulun salo da man kaɗanya. A cikinmu masu iya su ba su cika yatsun hannu ba, kuma duk sun manyanta.

Shi ya sa kwamiti ya sayi babban littafin rubutu, yana wurin sakatariya. Ranar taron wata mai zuwa za mu fara da daddawa. Kowace ta zo da 'yarta mai kyan rubutu.