Abin da maɗorin Damagaram bai gada ba

A ƙasar Damagaram, daga birni har ƙauyukan Guna da ke yankin Mirriya, gyaran gaɓɓai sana'a ce da ta girmi zuwan Faransawa a 1899. Maɗori gadon gidansu yake yi: ya ja ƙashi, ya daidaita, ya jera kara ya ɗaure. Karaya da targaɗe duk ya san kansu. Amma yaron da gaɓoɓinsa suka sandare don ƙwaƙwalwarsa ta taɓu wurin doguwar naƙuda, ko shawarar jarirai, ko sanƙarau, ba ƙashinsa ne ya karye ba. Shi ya sa aka daɗe ana haɗa shi da mai shan inna, ana ɗora laifin a kan iskoki, alhali ƙafar mai shan inna saki take yi, tasa kuwa ƙagewa.

Likitocin Turai ma sun sha laluben. A 1861 William Little na Ingila ya danganta wannan tauri da wahalar haihuwa. Farkon ƙarni na 20 Otfrid Foerster ya gwada yanke wasu jijiyoyi a gadon baya, aka yi watsi da dabarar saboda illarta, sai a shekarun 1980 Warwick Peacock ya gyara ta a Afirka ta Kudu. Abin da ya fito fili shi ne, in wuƙa ta kwance taurin, raunin da yake ɓoyewa sai ya bayyana, domin da taurin nan yaro ya saba tsayuwa. Dole a shafe watanni ana gashi da motsa gaɓɓai, yana sake koyon zama da tako.

Nan ne ɗan Guna yake cutuwa. Tun 2010 asibitin CURE yana yi wa yara aikin gaɓɓai a Yamai, amma tsakanin Yamai da Damagaram kusan kilomita 900 ne, kuma ba uwar da za ta bar gona da daka ta riƙa wannan zirga-zirga. Wani zai ce a miƙa wa maɗori, tunda shi mutane suka yarda da shi. Yardar gaskiya ce, kuma bai kamata a raina ta ba. Sai dai ɗori hana motsi ne har ƙashi ya kama, wannan jinya kuwa motsi take nema kullum, bisa ƙa'idar da likita ya tsara, don jan da ya wuce kima yana iya ɓata aikin. Idan za a sa maɗori a ciki, sai an koya masa sabon hannu, shi da uwar yaron da malamin asibitin ƙauye, tun kafin a sallamo yaron daga Yamai.