UConn 2022-2023: Kakar Da Ɗan Bamako Ya Ɗauki Kofi Cikin Azumi

Ga bayani kan ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza ta jami'ar Connecticut a Amurka, wadda ake kira UConn Huskies, da yadda ta lashe gasar jami'o'in ƙasar a 2023.

A Amurka wasan ɗalibai ba ƙaramin abu ba ne. Kowane watan Maris hukumar NCAA na haɗa jami'o'i, waɗanda yawansu ya kai 68 a 2023, su fafata, kuma duk wadda aka doke sau ɗaya ta koma gida ke nan. Daga nan ne manyan ƙungiyoyin NBA ke zaɓen matasa.

UConn, ƙarƙashin mai horaswa Dan Hurley, ta shiga kakar da nauyi a wuya, don shekaru biyu a jere ana fitar da ita tun zagayen farko. Ta fara da cin wasanni 14 babu faɗuwa. Sai abubuwa suka rikice daga ƙarshen Disamba zuwa Janairu, inda ta sha kashi sau 6 cikin wasanni 8. Daga baya ta farfaɗo, ko da yake Marquette ta fitar da ita da ci 70 da 68 a kusa da ƙarshen gasar yankinsu ta Big East.

A gasar ƙasa kuwa ba wanda ya iya tare ta. Ta doke Iona 87-63, Saint Mary's 70-55, Arkansas 88-65, Gonzaga 82-54, sannan Miami 72-59. Ranar 3 ga Afrilu, a birnin Houston, ta lallasa San Diego State 76-59. Duk wasannin shida ta ci su da tazarar maki 13 ko fiye. Ta ƙare kakar da nasara 31 da faɗuwa 8. Wannan ne kofinta na biyar, bayan na 1999, 2004, 2011 da 2014.

Ginshiƙin ƙungiyar shi ne Adama Sanogo, haifaffen Bamako a Mali, wanda ya fara da tamaula kafin ya koma ƙwallon kwando ya tafi Amurka yana matashi. Azumin Ramadan ya kama ranar 23 ga Maris, ana tsakiyar gasa, kuma Sanogo bai ajiye azuminsa ba. A karawa da Miami, an busa usur jim kaɗan bayan faɗuwar rana, ya ɗan sha ruwa ya shiga fili, ya zura maki 21. A wasan ƙarshe ya ci maki 17, ya kuma cafke ƙwallo sau 10 bayan ta dawo daga kwando. Tristen Newton ya ƙara 19, Jordan Hawkins 16.

Aka ba Sanogo kyautar gwarzon zagayen ƙarshe, irin wadda Hakeem Olajuwon ɗan Najeriya ya karɓa a 1983. Duk da haka babu ƙungiyar NBA da ta zaɓe shi a zaɓen 2023, sai daga baya Chicago Bulls ta ba shi kwantaragi. UConn kuwa ta sake ɗaukar kofin a 2024.